Renon itatuwa a ƙungiyar matasa: daga tattara iri zuwa dashe

Yaron da aka miƙa wa dashe a watan Yuli aka ce ya saka a rami bai koyi komai ba sai haƙa. Sana'ar tana wajen renon, kuma ƙungiyar yara goma sha biyar zuwa ashirin za ta iya raya leda ɗari biyar ba tare da ta galabaita ba. A Marwa da Garwa, a arewacin Kamaru, hidimar Ranar Matasa ta 11 ga Fabrairu tana tara yara wuri ɗaya, don haka a raba aiki tun a makon.

A nemi fili wajen jauro, wato mai unguwa, ko shugaban makaranta, kusa da rijiya ko famfo. In ruwa ya yi nisa, yara za su gudu da zarar zafin Afrilu ya kankama. A fara da shinge, na ƙaya ko na zana, kafin a cika leda ko ɗaya, domin akuya guda tana gama da aikin wata uku kafin la'asar.

Haɗin ƙasa shi ne kwano biyu na yashi, ɗaya na ƙasar gona, ɗaya na takin shanu da ya ruɓe, a tankaɗe. Yashin mayo, wato kogi, irin na Kaliyawo a Marwa, ya wadatar. Baƙar lakar da ake noman masakwa a cikinta kuwa kada a zuba ta ita kaɗai: in ta jiƙe takan riƙe ruwa har saiwa ta ruɓe, in ta bushe ta tsage ta tsinka saiwar. Ɗanyen taki yana ƙona tsiro, yana kuma jawo gara. A sa yaro ya damƙi haɗin da ɗan danshi; in ya dunƙule sannan ya wargaje da taɓawar yatsa, ya yi. Ledar ruwan sha da aka zubar tana aiki ga zogale, a huda mata ƙofofi huɗu a gindi, amma gawo da kuka suna son doguwar leda mai tsawon santimita 20 ko fiye. A jera su a tsaye cikin kwami mai faɗin mita ɗaya, yadda hannu zai kai tsakiya ba tare da an taka ba.

Iri ne inda aka fi yin asara. Na gawo da bagaruwa ɓawonsu tauri gare shi, shi ya sa a daji sai sun bi ta cikin dabba suke tsirowa da kyau. A tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba a kan irin, a bar shi ya kwana. Waɗanda suka kumbura a shuka su a ranar, sauran a ɗan ɓantare gefen ɓawon da abin yanke farce. A lura, sauke tukunyar ake yi. Yara sukan bar irin yana tafarfasa su dafe shi. Kuka ma tana bukatar jiƙo ko kankarewa. Zogale ba ruwansa da wannan, cikin mako ɗaya zuwa biyu ya fito. Darbejiya kuwa irinta ba ya ajiyuwa, makonni kaɗan ya mutu, sai a tsinto nunannun 'ya'ya a wanke a shuka nan take. Ƙwaya biyu a kowace leda, zurfin bai wuce ninki biyu na girman ƙwayar ba, daga baya a cire mai rauni. A shuka gawo da kuka a Maris ko farkon Afrilu, zogale ya jira Mayu don saurin girmansa.

Ban ruwa safe da yamma, kamar lita 10 ga leda ɗari a kowane zubi, da gwangwani mai hudajjen baki. In aka ga tsiro yana faɗuwa, wuyansa ya yi baƙi ya sirance, ruwa ne ya yi yawa: a rage, a ɗaga rumfar da ke yi wa ledojin inuwa iska ta ratsa. Duk mako biyu a ɗaga kowace leda a datse saiwar da ta leƙo. Gawo in aka manta da shi sai ya kafe a ƙasa, ranar ɗauka saiwar ta tsinke.

Kowane yaro a ba shi layinsa, da sunansa a jikin itace, da littafin rubuta ranar shuka da adadin da ya tsiro. "Na kowa" ba ya samun ruwa. Jarrabawa tana faɗowa a Mayu da Yuni, dogon hutu ya biyo baya, wasu yaran su tafi ƙauye noma, saboda haka a haɗa su bibbiyu, ɗaya lallai mazaunin unguwar.

Saura mako uku a dasa, a janye rumfa a hankali, a koma ban ruwa sau ɗaya. Dashe sai ƙasa ta sha ruwa sosai, galibi a Yuli. Rami santimita 40 faɗi da zurfi, a yanke gindin leda, a tsaga gefe a cire ta gaba ɗaya, a danne ƙasa, a kewaye da ƙaya. Ƙirgar waɗanda suka rayu a bari sai Mayu mai zuwa, bayan sun sha rani.