Kafin ki tafi aikatau Saudiyya, ki gama maganar albashi a Zariya

Shekara biyu na yi aikatau a wani gida a Jidda, ni da wata 'yar Filifin. Girki tare, wanki tare, rainon yara tare, amma albashinta ya fi nawa nesa ba kusa ba. Sai daga baya na gane dalili: a lokacin gwamnatinsu ta yanka wa masu aikatau mafi ƙarancin dala 400 a wata, ni kuwa da baki ejan ya faɗa min nawa a Tudun Wada, na ce to.

'Yar'uwa, kada ki dogara da doka ta daidaita ku. Najeriya da Saudiyya duk sun amince da yarjejeniya ta 100 ta Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ta 1951, amma maganarta biyan mace daidai da namiji ce, ba ruwanta da bambancin albashinki da na 'yar wata ƙasa. Kuma dokar ƙwadagon Saudiyya ba ta haɗa da masu aikin gida ba, ƙa'idarsu daban ce. Abin da aka rubuta a kwantiragi shi ne naki.

Don haka ki fara da ejan. Ya nuna miki lasisinsa na Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya. In ya hau rantse-rantse, tashi abinki. In ya ce ki shiga da bizar Umara a gyara daga baya, ki kai ƙararsa NAPTIP, hukumar yaƙi da safarar mutane, tana da ofis a Kano.

Kwantiragin kuwa, kai wa malamin Islamiyyarku ya karanta miki Larabcin layi-layi. A ga adadin riyal a rubuce, a ga an shigar da shi a Musaned, manhajar da gwamnatinsu ke rajistar masu aikin gida. Ƙa'idarsu ta ce aiki kada ya wuce awa 10 a rana, da hutun kwana ɗaya a mako. Ni ban san da haka ba, Juma'a ma goge-goge nake.

Ki ɗauki hoton fasfo da igama, wato katin izinin zama, a waya, ki tura gida. Kafili, wato wanda ya ɗauke ki aiki, ba shi da ikon riƙe miki fasfo. Albashi ya bi ta banki don ya bar shaida.

In an hana ki kuɗinki, kada ki gudu, kafili zai kai rahoton kin tsere, laifin ya dawo kanki. Ki shigar da ƙara ta Musaned, ki sanar da ƙaramin ofishin jakadancinmu na Jidda.