Yadda ake yi wa majinyaci wankan magani a ɗakin kulawa ta musamman

Majinyacin da ke wannan ɗakin galibi akwai roba a jijiyar wuyansa ko ta ƙirji, kuma ta nan ƙwayoyin cutar da ke kan fatarsa suke bi su shiga jini. Wanka kullum da kulohekzidin, wanda a jikin kwalba ake rubuta chlorhexidine, yana rage su, kuma maganin yana kama fata ya yi ta aiki har kusan awa 24. Wani bincike da aka fitar a 2013 daga asibitoci 43 na Amurka ya nuna wannan wankan, haɗe da shafa man mufirosin mai kashe ƙwayoyin cuta a hanci, ya rage cutar jini da kashi 44 cikin ɗari.

Da farko a duba fayil, a kuma tambayi 'yan uwa ko maganin ya taɓa sa masa borin jini. Idan ya taɓa, a fasa. Jariri ɗan ƙasa da wata 2 kuwa sai da izinin likita.

A wanke hannu, a sa safar hannu, a ɗauko ƙyallaye 6 masu maganin kashi 2 cikin ɗari. Kowanne da wurinsa: wuya da ƙirji, hannuwa da hammata, ciki da matsematsi, ƙafar dama, ƙafar hagu, sai baya da mazaunai. A cuɗa sosai, musamman wuya da duk inda fata ta naɗe tana tara gumi. Kada maganin ya shiga ido ko cikin kunne.

Wurin robar nan shi ne ya fi muhimmanci, shi ne kuma hannu yake tsoron taɓawa. A goge fatar da ke kewaye da filastar da ta rufe wurin, sannan a bi jikin robar kamar santimita 15 daga inda ta fito. Haka ma robar fitsari.

Kada a ɗauraye, kada a goge da tawul. Fatar za ta ɗan yi danƙo, a bar ta ta bushe da kanta. Sabulu da yawancin man shafawa suna kashe ƙarfin maganin, don haka idan uwa ko matar majinyaci ta kawo mai daga gida, a yi mata bayani cikin lumana, a ba ta wanda asibiti ya amince da shi.

A rubuta lokacin wankan a fayil. Idan an ga ƙuraje ko kumburi, a tsayar a kira likita.