Yadda ake kafa tashar lantarki mai aiki da iska a yankin da ya dogara da kwal da man fetur

Jihar Texas ce kan gaba wajen haƙo ɗanyen mai a Amurka, kuma ita ce kan gaba wajen samar da lantarki daga iska. Rijiyoyin man suna nan suna aiki, injinan iskar na juyawa a gefensu. Ke nan yankin da arzikinsa ke ƙarƙashin ƙasa zai iya cin moriyar iskar da ke kaɗawa a samansa. Abin da ya fi kayar da irin wannan aiki shi ne gaggawar sayen injina. Kafa injin shi ne mafi sauƙi, kuma shi ne kusan na ƙarshe. Ga yadda ake bi.

Da farko ku auna iskar. Akwai taswirar Global Wind Atlas, wadda Bankin Duniya da Jami'ar Fasaha ta Denmark suka saka kyauta a intanet, za ta nuna muku inda ya kamata ku duba. Sai dai babu bankin da zai ba da rance da taswira kaɗai. Dole a kafa doguwar hasumiya a wurin, a ɗaura mata na'urorin auna gudun iska hawa-hawa, a bar ta aƙalla shekara guda cur, sannan a gwada abin da aka samu da bayanan yanayi na shekarun baya. Wannan wahala tana da dalili. Idan gudun iska ya ninka sau biyu, ƙarfin da ke cikinta yana ninkawa ne sau takwas. Iska mai gudun mita 7 a daƙiƙa ta fi mai gudun mita 6 ƙarfi da kusan kashi 60 cikin ɗari, don haka ɗan kuskure a awo yana iya zama asarar shekara ashirin. Ku lura kuma da lokacin da take kaɗawa. Wadda ke tasowa da yamma, sa'ad da kowa ya kunna wuta, ta fi ta tsakar dare daraja.

Na biyu, wayar da za ta kwashe wutar. A nan nake so ku fi tsayawa, domin nan ne aka fi yin tuntuɓe. A Kenya an kammala tashar Tafkin Turkana a 2017, injina 365 masu ba da megawat 310, amma layin da zai kai wutar tashar rarraba wuta ta Suswa, mai tsawon fiye da kilomita 400, bai kammalu ba sai a 2018. Injina na tsaye, iska na kaɗawa, kuma sai da aka biya kamfanin kuɗin wutar da ba ta isa gidan kowa ba. A lardin Gansu na ƙasar Sin, fiye da kashi 40 cikin ɗari na wutar da injinan iska za su iya bayarwa a 2016 ya tafi a banza saboda babu hanyar fitar da ita. Texas kuwa ta gane cewa ba a fafe gora ranar tafiya. A 2005 ta yi dokar da ta ware yankunan da iska ta fi ƙarfi, aka ja musu manyan layuka na kusan mil 3,600 zuwa birane, kan kuɗi kusan dala biliyan 7. Masu zuba jari da kansu suka biyo wayar.

Yankin kwal yana da wata gata a nan. Tsohuwar tashar wuta tana da taransifomomi da manyan layuka da suka riga suka haɗe da sauran ƙasa, kuma idan ta rage aiki ko ta rufe, gurbinta a kan layin dukiya ce. Afirka ta Kudu ta ga haka da idonta. Iskarta mafi kyau tana lardunan Cape, kwal ɗinta kuma yana Mpumalanga. A zagayen takarar kwangilar samar da wuta da gwamnati ta yi a 2022 ba a zaɓi aikin iska ko ɗaya ba, saboda layukan Cape sun cika. Daga baya aka fara gina tashar iska a Mpumalanga ɗin, kuma kamfanin haƙar kwal na Seriti ne ke bayanta. A ganina iska matsakaiciya kusa da layi ta fi iska mai ƙarfi da ba ta da mafita.

Na uku, ku samo mai saye kafin ku nemi rance. Tashar iska ba ta sayen mai, kusan duk kuɗinta a farko ake kashewa, saboda haka kuɗin ruwan da banki ya ɗora shi ke yanke farashin wutar. Abin da ke saukar da shi kuwa yarjejeniyar sayen wuta ce ta shekara 15 zuwa 20 da mai sayen da aka san yana biya. Idan kamfanin wuta na gwamnati bashi ya yi masa katutu, a nemi gwamnati ta tsaya masa, ko a juya ga manyan masu shan wuta da ke yankin: ma'adinai, matatar mai, masana'antar siminti. Inda ake ba mai ko gas tallafi, a yi lissafi da farashinsu na gaskiya, in ba haka ba kullum iska za ta yi kamar ta fi tsada. Ga ƙasar da ke sayar da mai a waje, hujjar a fili take: duk gangar da ba a ƙone a tashar wuta ba, ta sayarwa ce. Saudiyya ma ta gina tashar iska ta Dumat al-Jandal mai megawat 400.

Na huɗu, mutane. Wanda mahaifinsa ya yi aikin haƙar kwal, shi ma yake ciyar da iyalinsa da shi, idan ya ga injin iska abin da zai fara zuwa ransa shi ne aikinsa. Tsoronsa na gaskiya ne, kada a raina shi. A gaya masa gaskiya: lokacin gini ana ɗaukar ma'aikata da yawa, bayan an gama kuwa kaɗan ake buƙata. A fara horar da masu aikin lantarki, masu walda, direbobin manyan motoci da masu sarrafa injin ɗaga kaya tun kafin a kawo kaya, a rubuta a kwangila adadin 'yan yankin da za a ɗauka. Masu filaye su san nawa ne kuɗin hayarsu a shekara, su kuma san cewa gindin injin da hanyarsa kaɗai za a ci, sauran filin a ci gaba da noma da kiwo. A fayyace harajin da zai shiga asusun ƙaramar hukuma, domin shi zai cike gurbin na kwal wata rana. Denmark ta yi doka a 2008 da ta wajabta a yi wa maƙwabta tayin aƙalla kashi 20 cikin ɗari na hannun jarin sabon aikin iska. Inda aka yi sakaci da jama'a kuwa, siyasa kan rufe ƙofar baki ɗaya. Poland ta kafa doka a 2016 cewa injin ya nisanci gidaje da ninki goma na tsawonsa, gini ya kusa tsayawa cak har aka sassauta ta a 2023.

Na biyar, binciken muhalli da izini. A duba ƙara, da inuwar farfela da ke giftawa ta tagogin gidaje, da na'urorin filin jirgin sama, da hanyar tsuntsaye da jemagu. A gaɓar Suez ta Masar akan sa masu lura, su tsayar da injina idan garken tsuntsaye masu ƙaura ya doso.

Sai gini. Kafin a sa hannu a odar injina, a bi hanyar da ƙafa tun daga tashar jiragen ruwa. Fiffiken farfela ɗaya yakan wuce mita 60, kuma ba ya lanƙwasuwa. A kwana mai tsanani kan tirela ya riga ya juya, wutsiyar fiffiken na share gonar da ke ɗaya gefen titi, sai an cire turakun wuta da allunan hanya, wani lokaci a faɗaɗa kwanar gaba ɗaya. A auna kowace gada. A kuma tsara ɗaga kaya a watannin da iska ta lafa, domin injin ɗaga kaya ba ya iya ɗora fiffike idan tana bugawa.

Bayan an kunna, kada a yi saurin kashe tashoshin gas. Suna iya ƙara wuta ko rage ta cikin ɗan lokaci, su ne za su riƙe layin idan iska ta kwanta, kafin a samu batura da haɗi da wasu yankuna. Masu kula da layin su riƙa karɓar hasashen iska na kowace sa'a. A sayi injin da ya dace da yanayin wurin, zafi ne, ƙura ce ko ƙanƙara. A tsananin sanyin Fabrairun 2021 a Texas wasu injinan iska sun daskare, kodayake mafi yawan wutar da aka rasa daga ɓangaren gas ne. A ajiye kayan gyara a kusa, a ƙulla yarjejeniyar kulawa ta shekaru da kamfanin da ya ƙera injinan, kuma tun shekarar farko a fara ware kuɗin da za a sauke su ko a sabunta su idan sun cika shekara 25 zuwa 30.