Masu shirin zuwa kallon goggon biri a Yuganda

Salam 'yan uwa, don Allah duk mai niyyar zuwa dajin Bwindi ya fara sayen famit, wato takardar izinin kallon goggon biri, kafin ya yanki tikitin jirgi, mutum 8 kacal ake bari su je wurin kowane garke a rana, daga Yuni zuwa Satumba kuwa gurbi ƙarewa yake tun da wuri. Baƙon waje dala 800 ne, a ƙasar Ruwanda kuwa famit ɗin dala 1,500 ne, amma mai fasfo ɗin Najeriya ko Nijar ya nemi farashin 'yan Afirka, a Yuganda dala 500 ne, kar ejan ya yi maka kuɗin Turawa wallahi abin da ciwo. Kuɗin shiga dajin na ranar yana ciki. Awa ɗaya za ku yi da garken goggon birin, kuma ba a shiga da yaron da bai kai shekara 15 ba. Ku tafi da takalmin ruwa, taɓon wurin har ƙauri.