Yadda za ka auna gudun ruwan bututu da jarka ɗaya

A Agege ko Idi-Araba da ke Legas, mai rijiyar burtsatse da ke tayar da janareto don cika tanki ya kamata ya san lita nawa bututunsa ke zubarwa a minti. Fetur ya yi tsada.

Da farko ka samo jarka mai lita 25, irin ta 'yan garuwa. Buɗe famfo gaba ɗaya, ka bar ruwan ya zuba kaɗan har iskar da ke cikin bututu ta daina tari. Sannan ka tara jarkar, ka danna agogon wayarka. Tana cika ka tsayar.

Ga lissafin: raba lita da daƙiƙa, ka ninka da 60. Idan ta cika cikin daƙiƙa 50, lita 30 ke nan a minti. Tankin lita 2,000 zai ci wajen minti 67.

Ni dai sau uku nake gwadawa, in ɗauki matsakaici. Kuma ka auna a bakin tankin da ke sama, ba a ƙasa ba, domin hawan bene da kwanar bututu suna rage gudun ruwa sosai.