Kurakuran da muke yi da mura idan hunturu ya kama

Daga ƙarshen Nuwamba, da hazo ya lulluɓe duwatsun Bauchi, sai ka ji masallaci ya cika da tari a sallar asuba, wannan ya ajiye wancan ya ɗauka. Yawancinmu kuwa ba ma tunawa da garkuwar jiki sai hanci ya fara zuba, sannan a garzaya kemis.

A can ake tafka kuskure mafi girma. Mutum zai tsaya bakin kanta ya ce, "Malam, haɗa mini na mura, ka sa da kafso." Kafson nan yawanci antibayotik ne, aikinsa kashe ƙwayoyin cutar da ake kira bakteriya. Ita mura wata irin ƙwayar cuta dabam da ake kira bairos ke kawo ta, masu kawo ta kuma sun haura iri 200, babu ko ɗaya da kafso ke taɓawa. Abin da yake yi kawai shi ne ɓarnata ƙwayoyin halitta masu amfani da ke cikin hanji, ya kuma koya wa masu cutarwa jure magani. Mura takan yi kwana 7 zuwa 10 ta tafi, an sha ko ba a sha ba, sai a ce kafso ya yi aiki. Hutu take so, da ruwan ɗumi, da farasitamol in kai na sarawa. A duba kwali kuma, don ƙwayoyin mura da yawa da farasitamol a cikinsu, kada a ninka, hanta ce ke shan wahalar.

Muna kuma ɗora wa sanyi laifin da rabinsa ne kawai nasa. Iskar hunturu da ƙura suna busar da cikin hanci, cuta ta sami ƙofa. Amma ita cutar daga jikin wani take zuwa: atishawa a cikin keke Napep, musabaha, moɗa ɗaya a bakin randa, kofin mai shayi da aka ɗauraye a ruwan da ya wanke kofi talatin. Hular sanyi da rigar sanyi ba su hana wannan. Wanke hannu da sabulu na daƙiƙa 20 ya fi su, musamman kafin cin abinci da bayan dawowa daga kasuwa. Atishawa kuma a yi ta a lanƙwasar hannu, kada a yi a tafin da za a miƙa wa mutane.

Tsoron sanyin nan ne ke sa a toshe taga da tsumma, a shigo da kaskon garwashi, a kwanta mutum shida a ɗaki. Iska ba ta zagayawa, mura ta bi kowa. Garwashi kuma yana fitar da iskar guba marar wari da ke kashe mutum cikin barci. A fitar da kasko kafin a kwanta, a bar taga a ɗan buɗe.

Batun abinci ne ya fi ba ni mamaki. Ka shiga kasuwar Muda Lawal, ga lemo tuli, ga gwaiba, ga tumatir da tattasai, amma sai a wuce su a je a sayi kwalbar bitamin C mai tsada. Baligi yana buƙatar miligiram 75 zuwa 90 ne a rana, gwaiba ɗaya ta wadatar har da ragi. Ƙwayar bitamin ba ta hana yawancin mutane kamuwa, iyakarta ta ɗan rage kwanakin ciwon ga wanda ya saba sha kullum. A gida kuma, uwargida za ta dafa zogale ko alayyahu har ya yi laƙwas, ta tsiyaye ruwan a kwata, alhali bitamin C ba ya jure zafi, kuma cikin ruwan yake narkewa. A rage ruwa, a rage lokacin dahuwa, lemon tsami kuma a matsa shi bayan shayi ya ɗan huce. Kada a manta da wake, gyaɗa, ƙwai da kifi, da su jiki ke gina sojojinsa.

Shayin citta da kanumfari da zuma ni ma ina sha, yana sanyaya maƙogwaro yana rage tari. Sai dai ba katanga ba ne. Zuma kuma ba a ba jaririn da bai cika shekara 1 ba, ko ɗigo. Garkuwarsa nonon uwa ne zalla har wata 6, da allurar rigakafi kan lokaci.

Barci fa? Baligi na buƙatar awa 7 ko fiye. Saurayi ya baro gidan kallon ƙwallo sha ɗaya, ya danna waya har ƙarfe ɗaya, ya tashi asuba, sannan ya ce shi mura ba ta barinsa.

Akwai kuma kiran komai da sunan mura. Zazzaɓi mai zafi da ciwon gaɓoɓi na iya zama mura mai tsanani, yana iya zama maleriya, gwaji ne ke rabewa. Yaron da ke numfashi da sauri, ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki, a kai shi asibiti a ranar, kada a tsaya turara masa hayaƙi. Tarin da ya wuce mako 2 a je a gwada tarin fuka. Gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati.