Masu rubuta gajeren labari kan yaƙin basasa, ga inda kuke zamewa

Labaran da matasanmu na Tawa da Yamai suke turawa a gurup na WhatsApp kan yaƙi ya raba gida, wallahi kusan duka rami ɗaya suke faɗawa. Wa soja ne mai tsoron Allah, ƙane ɗan tawaye ne mai jan ido, sun haɗu a daji kowa da bindiga, ɗaya ya harbe ɗaya sannan ya gane ɗan'uwansa ne, a yi kuka a tashi. Haba dai.

Babbar matsalar ita ce kuna kai mu fagen daga wanda ba ku taɓa gani ba sai a fim, alhali inda yaƙi yake tsaga zumunci cikin gida ne. Ku duba Kwaddibuwa a Satumbar 2002, ƙasa ta rabu biyu, 'yan tawaye sun riƙe Buwake, gwamnati na Abijan, kuma kowa ya san yadda 'yan Adar, wato yankin Tawa, suke zuwa bida, wato ci-rani, can. To ga labari nan a gabanka: wa na Abijan yana sayar da kaya, ƙane ya maƙale a Buwake, kuɗin da ake aikowa gida sun tsaya, tsohuwa na ƙauye tana zuwa tasha tana tambayar duk direban da ya sauka, matan su biyu kuma tukunya ɗaya amma kowace tana ganin mijin ɗayar ne ya ƙi neman ɗan'uwansa. Ba harbi ko ɗaya, amma mai karatu zai ji zafin. Sai ka kawo rabon gona, ko zaman makoki na wanda ba a ga gawarsa ba, shin matarsa ta shiga takaba ko ta jira?

Sannan lokaci. Ka ce labarinka a 2002 yake amma uwa tana kiran bidiyo, ina! Lokacin telesantar ake zuwa a yi layi, ko a naɗi murya a kaset a ba direba. In tawayen arewacin Nijar ka ɗauka, ka san rikicin garin Cintabaradan 1990 ne, yarjejeniyar sulhu 24 ga Afrilu 1995, na ƙungiyar 'yan tawaye ta MNJ kuma daban ne, 2007. Biyafara 1967 zuwa 1970. Kar ka cakuɗa su, akwai waɗanda abin ya faru a kan idonsu kuma suna karantawa.

Maganar mutanen cikin labari ma abin dubawa ce. Yaro ya tsaya gaban uwarsa yana zuba mata jawabin siyasa shafi guda kamar a rediyo, wa yake haka? "Inna, ki yi mini addu'a, zan ɗan yi tafiya", ya isa. Ita kuma in ɗan fari ne ko sunansa ba za ta kama ba, sai dai ta tambayi ƙanen, "wancan bai aiko ba?" Ƙane kuma ko ya tsani ɓangaren da wansa ya bi, Yaya zai ce masa.

Kuma ku daina ɗauko liman a sakin layi na ƙarshe ya ja aya ɗaya kowa ya rungumi kowa. Gajeren labari ba shi da filin sulhun shekara goma. Ka bar su sun zo taron suna gida ɗaya, sun gaisa, wa ya zauna a zaure ƙane ya ja tabarmarsa waje, a raba goro kowa ya kama gabansa.